Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Masana'antu Da Manyan Shaguna Na Kano: Awa Ɗayar Nan Ta Ma'aikaci Ce

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhazaina, iyayen gidanmu, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da jama'a, ina gaishe ku da haƙurin rashin wuta da tsadar man dizal. Wasiƙar nan taku ce, ku masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da ku masu manyan shaguna a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, da masu gidajen mai, da gidajen burodi, da kamfanonin da ke raba masu gadi a ƙofofin mutane. Har da baƙinmu masu kamfanoni da suka zo daga wasu ƙasashe, in akwai mai fassara musu.

Shekara goma sha huɗu na yi a wani kamfanin leda. Takwas na farko a bakin inji na yi su, shida na ƙarshe kuma ina kula da layi, ina da yara kusan talatin a ƙarƙashina. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don na ci abinci a wurin, na yi aure da albashinsa, kuma abin da zan faɗa ba a can kaɗai ake yin sa ba. Ban zo muku a matsayin mai hannu tsarkakakke ba. Abin da nake kuka da shi, da bakina na sha zartar da shi a kan 'ya'yan mutane.

Ƙarfe bakwai na safe muke shiga, bakwai na yamma mu fito. Da mutum ya wuce get sai a rufe, ba fita kuma sai an tashi. In an kira azahar, nakan saki yara biyar-biyar, kowane rukuni minti goma sha biyar. A cikin mintunan nan mutum zai kama ruwa, ya yi layin buta, domin famfo ɗaya ne da butoci uku, ya yi alwala, ya yi salla, sannan ya ci abinci. Akwai wata baiwar Allah da ke kawo shinkafa da wake a ƙulle a leda, ta ƙasan get take turo su ɗaya bayan ɗaya, mai gadi yana karɓa yana kiran sunaye. Galibi ba a gama ci kafin lokaci ya cika, sai ka ga yaro ya dawo bakin inji da ƙullinsa, ya ɓula gefen ledar da haƙori, yana matsa shinkafa a baki da hannun hagu, dama kuma tana jan leda daga bakin wuƙa. Yaji da man ƙuli suna haɗuwa da warin narkakkiyar roba. Mu a wurinmu wannan shi ne hutu, har muna yaba wa kamfani cewa ba ya hana salla.

Wata rana a watan Afrilu, a tsakiyar bazara, muna da odar da dole ta fita kafin magariba. Wani yaro da bai wuce shekara ashirin ba ya zo mini bayan azahar ya ce, "Oga, tun kokon safe ban sa komai a cikina ba." Rukuninsa sun yi salla, amma abincinsa bai iso ba sai da lokacinsu ya ƙare. Na ce masa ya bari mu sauke wannan odar tukuna. Bai yi musu ba, ya koma. Bayan la'asar kaɗan na ji ihu. Gyangyaɗi ya yi a tsaye, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wuƙar ta tafi da yatsunsa biyu. Ni na ɗauke shi zuwa asibiti. Ƙullin shinkafarsa na nan a kan taga inda ya ajiye, ko buɗe shi bai yi ba, har washegari da muka dawo. An biya kuɗin magani, an ba shi wani abu ya koma garinsu, kowa ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kuwa, amma ni na san ta hannun wa ta biyo.

Sai bayan shekaru, bayan na bar aikin, wani dattijo ɗan ƙungiyar ƙwadago ya zaro mini wata tsohuwar takarda daga jakarsa ya ce in karanta sashe na 13. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ce, wadda aka yi tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, tana kuma nan a kundin dokokin tarayya na 2004. Na karanta, na maimaita, jikina ya yi sanyi. Ashe duk shekarun nan karya doka nake yi kullum rana ta Allah, ban sani ba. Na tabbata da yawanku ma ba ku sani ba, shi ya sa zan zayyana muku abin da ke ciki da Hausa.

Dokar ta ce duk ma'aikacin da zai yi awa shida ko fiye yana aiki a rana, dole a katse masa aikin a ba shi hutu, ko a dunƙule ko a rarrabe, amma jimillarsa kada ta gaza awa ɗaya. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta fayyace abin da take nufi da hutu, kamar dai waɗanda suka rubuta ta sun san halinmu. Sharuɗɗa uku ta gindaya. A tsayar da tsawon hutun tun kafin lokacinsa ya zo. Ma'aikaci ya zama yana da ikon yin abin da ya ga dama da lokacin. Kada kuma a tilasta masa zama a wurin aiki.

Ku auna abin da muke yi da waɗannan ukun. "In an samu sarari ka je ka ci abinci" ba hutu ba ne, don ba a tsayar da lokacinsa ba. Yaron shagon da ya ɓuya a bayan dilar atamfa yana cin abinci, kwastoma ya shigo ya goge hannu a wando ya miƙe, bai huta ba, don lokacin ba nasa ba ne. Yarinyar da ke zuba mai, ta zauna a kan bencin da ke gindin famfo tana jiran mota ta gaba, aiki take yi ko da babu motar da ta shigo, tunda ba ta da ikon matsawa daga wurin. Get a kulle kuwa, ko da an kashe injina an ce kowa ya kwanta, ya saɓa wa sharaɗi na uku kai tsaye.

Don kada a ce na ɓoye abin da ke gefenku, dokar ta bar ƙofofi biyu. Ta ce ana iya saɓa wa wannan tsari idan wani abin da ba a yi tsammani ba ya taso. Ta kuma ce inda yanayin aikin ya sa babu makawa, ana iya musanya hutun da lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi. To amma abin da ba a yi tsammani ba shi ne gobara, ko fashewar bututu, ko wani abu makamancin haka. Odar gaggawa da ke zuwa kowane mako ba ta cikin wannan, ita ce sana'ar kanta. Mun ɗauki ƙofar da aka bari don ranar larura mun mai da ita hanyar shiga ta kullum.

Akwai kuma wani abu dabam da ko masu ilimin cikinmu ba su cika sani ba. Bayan waccan awa ɗaya, dokar ta ce in aikin na bakin inji ne, ko wani aiki mai gajiyarwa da ke buƙatar hankali ba ƙaƙƙautawa, sai an riƙa ba ma'aikaci 'yan gajerun lokutan sararawa a tsakani, waɗanda su ma an tsara su tun farko. Ta kuma faɗa ƙarara cewa ba za a lissafa su a cikin awa ɗayar ba. Wato mai tsayuwa a gaban wuƙar yanka leda, da mai zuba shinkafa a injin casa, da mai tsayuwa a bakin tandar burodi, suna da haƙƙi biyu: babban hutu da ƙananan sararawa. Yaron da na ba ku labarinsa bai samu ko ɗaya ba.

Na uku shi ne hutun mako. A cikin kowane kwana bakwai, ma'aikaci yana da kwana guda, awa 24 a jere ba yankewa. In an ci masa wani abu daga ciki, ko a rama masa kafin kwana 14 su wuce, ko a biya shi da farashin aikin ƙarin lokaci. Ku masu kamfanonin gadi, da ku nake a nan. Akwai tsofaffi a ƙofofin gidaje da sito-sito a garin nan da ba su san ranar hutu ba sai in ciwo ya kayar da su, ranar ma a yanke musu kuɗinta. Alhali dokar nan ta ba ma'aikaci har kwana 12 na jinya a shekara da albashinsa, in likita ya shaida, da aƙalla kwana shida na hutun shekara bayan ya cika wata goma sha biyu yana aiki. Mai shayarwa kuma, sashe na 54 ya ba ta rabin awa sau biyu a rana, a cikin lokacin aiki, don ta ba ɗanta nono. Kamfanonin da ke ɗibar mata suna tsintar riɗi da zoɓo, ko ɗura ruwa a leda, su tambayi kansu ko sun taɓa jin wannan.

Yanzu bari in zo inda na fi son mu fahimci juna, wato maganar salla. Ita ce garkuwar da muke ɗagawa duk lokacin da aka tayar da zancen hutu. Alhaji zai ce maka, "Ni wurina ba a wasa da salla, da an kira kowa yake tafiya." Allah ya saka da alheri, wannan abin yabo ne. Amma, ranka ya daɗe, minti goma na azahar haƙƙin Allah ne da bawa ya je ya sauke, ba kai ka ba shi ba, ba ka kuma da ikon hana shi. In ka lissafa masa shi a matsayin hutunsa gaba ɗaya, ka biya bashin da ke kanka da kuɗin wani ke nan. Abin da hakan ke haifarwa na gan shi da idona shekara da shekaru: yara suna salla kamar kaza na tsattsagar tsaba, don su rage minti biyar na abinci. Mu muka koya musu sallar da babu natsuwa a cikinta, sannan mu dawo muna cewa yaran yanzu ba su da tsoron Allah. In an ba mutum awarsa cikakkiya, sai ya yi alwala a tsanake, ya bi jam'i, ya ci abinci a zaune, ya miƙe ƙafa a inuwa, ya kira gida ya ji lafiyar yara. Ai dokar ma ta yarda a raba awar, minti arba'in da azahar, ashirin da la'asar, ba wanda ya yi asara.

Haka zancen azumi. Na sha ji, na kuma sha faɗa da kaina, cewa tunda ba a cin abinci da rana a watan Ramadan, sai a zarce da aiki a tashi da wuri. In an rage awannin aikin da gaske har suka gaza shida, to babu laifi. Amma inda mutum zai yi awa tara ko goma da ƙishirwa a ƙarƙashin kwano, a ce ya yafe hutu saboda ba ya ci, an juya maganar ne. Mai azumi ya fi kowa buƙatar ya kwanta na rabin awa. Ranar Juma'a kuma, tafiya masallaci da dawowa a guje ba ta maye gurbin hutun mako, kamar yadda sakin abokan aikinmu Kirista su je coci da safiyar Lahadi su dawo aiki da rana bai zama awa 24 a jere ba.

Ba ni ne zan yi muku wa'azi ba, yawancinku kun fi ni karatu, wasunku ma kun gina masallatan da nake salla a ciki. Tunatarwa ce kawai. Kun san hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira masu yi mana hidima 'yan'uwanmu, ya hana a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuma an ɗora to a taya su. Kun kuma san surar da ta yi wa masu tauye mudu alkawarin azaba, waɗanda in za su karɓa sai an cika musu, in za su bayar sai su rage. Mu a kamfani, wanda ya makara da minti biyar akan rufe masa get ko a yanke masa rabin yini. Agogonmu ba ya kuskure wajen shigowa. Wajen hutu ne kaɗai yake lalacewa.

Ku ɗauki biro mu yi lissafi, tunda ku 'yan kasuwa ne. A ce ana ba ma'aikaci minti ashirin a maimakon sittin. An ci masa minti arba'in ke nan a rana. A wata mai kwanakin aiki 26, ya kama minti 1,040, wato awa 17 da minti ashirin. A shekara awa 208, sama da yini 17 na mai aikin awa goma sha biyu. In kana da ma'aikata ɗari, ka ninka da kanka. Da a ce wani ma'aikaci ne ya ɗauke maka kayan da suka kai kuɗin yini 17, da a ofishin 'yan sanda zai kwana.

Na san uzurorinku, don na zauna a ɗakin da ake kawo su, kuma ba dukansu ne na banza ba. Na farko wuta. In an kawo ta, kowane minti kuɗi ne, in kuma janareta ke aiki, barin sa yana shan mai alhali injina na tsaye asara ce tsantsa. Sannan injin narka roba in ya huce, tayar da shi aiki ne babba. Duk gaskiya ne. Amma dokar ba ta ce a kashe inji ba, cewa ta yi mutum ya huta. A layin da ke da mutum shida, ƙarin mutum biyu masu karɓa ya isa kowa ya samu awarsa tsakanin sha biyu da uku ba tare da inji ya tsaya ba. Albashin mutum biyun nan ku auna shi da ledar da ake ɓatawa bayan la'asar. Duk mai kula da layi ya san lokacin da buhun tarkace ke cika: ba da safe ba ne, daga ƙarfe uku ne zuwa tashi, lokacin da ido ya yi nauyi, hannu ya daina bin umarni. Muna asarar kayan, muna zagin yara, ba ma tambayar dalili.

Uzuri na biyu, wai in ka sake su ba sa dawowa a kan lokaci. Akwai masu yin haka, ban musa ba. Sai dai wanda bai san ko gobe za a sake shi ba, shi ne ke cinye na yau da na gobe a haɗe. Inda aka kafa lokaci aka buga ƙararrawa, wanda ya makara ya san laifinsa, hukunci ma ya hau kansa da hujja.

Na uku ya fi wuya, kuma daga ɓangaren ma'aikatan yake. Wanda ake biya da yawan buhun da ya ɗauka ko dozin ɗin da ya ɗinka, shi da kansa ba ya son hutu, don yana ganin kuɗi ne ke wuce shi. Sashe na 13 bai yi maganar ko za a biya kuɗin awar hutun ba, ya bar wannan ga yarjejeniya. A ganina, in farashin buhu ya yi ƙasan da sai mutum ya hana kansa cin abinci kafin ya haɗa na cefane, to farashin ne ke da matsala, kuma ku kuka sa shi. Yardar mai jin yunwa ba ta wanke wanda ya gindaya masa sharaɗin.

Ku kuma Alhazan kasuwa, na san amsarku tun kafin ku faɗa: "Ai yarona ne, ba ma'aikaci ba ne, ni zan yi masa aure in ba shi jari." Tsarin ubangida da yaronsa tsohon abu ne mai albarka, da yawanku ta nan kuka taso, ba ni da niyyar rushe shi. Dokar ma ta cire iyalan mai sana'a daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, kamar yadda ta cire manyan ma'aikatan ofis da ƙwararru. Amma yau shaguna da yawa cike suke da yaran da ake biya a wata ko a mako, a sallame su ranar da aka ga dama, babu jari babu aure. In wajen sallama ma'aikaci ne, to wajen hutu ma ma'aikaci ne. Kada kuma a rikita wannan da dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ta kuma ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Wannan rangwamen na albashi ne. Sashe na 13 bai ce sai kana da mutum kaza ba.

Abin da dokar tamu ke nema ma kaɗan ne ƙwarai. Ba ta ko ƙayyade yawan awannin aiki da lamba ba, ta bar shi ga yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci ko ƙungiyarsa, shi ya sa awa goma sha biyu ta zama ruwan dare. A Jamhuriyar Nijar awa 40 ce a mako a dokance. A Ghana, dokarsu ta 2003 ta sa awa takwas a rana, hutun awa 48 a mako, da kwana 15 na hutun shekara, inda mu muke da shida. Saudiyya, da kuke zuwa Umara kuna gani, ta hana sa mutane aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mu nan zafin Afrilu yana haura digiri 40, amma za ka ga 'yan dako suna sauke tirela da ƙarfe ɗaya na rana, oga yana cikin mota da sanyi yana duba agogo.

Za ku ce, to in mun ƙi fa? Gaskiya ita ce tarar da ke rubuce a sashe na 21 ga wanda ya hana hutun nan ba ta wuce naira 800 a karon farko, 1,500 in ya sake. Lokacin da aka rubuta ta naira ta fi dala daraja, kuɗi ne mai sa mutum ya shiga taitayinsa. Yau ko mudun shinkafa ba ta saya. Gyara wannan aikin Majalisar Tarayya ne, domin harkar ƙwadago tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa tarayya, kuma ya daɗe da isa a gyara. Amma kada arhar tarar ta ruɗe ku. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta samu cikakken iko a kan shari'un aiki, tana kuma zama a nan Kano. Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago suna da ikon shiga wurin aiki su bincika. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Yaran yanzu kuma ba irinmu ba ne, kowa da waya a aljihu. Ba ku manta da 2020 ba, lokacin kullen korona, da 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin shinkafa a garin nan, bayan sun shafe watanni a ciki ba a bar su sun je gida ba. Duniya duka ta ji. Ni da na ji labarin ban yi mamaki sosai ba, domin wanda ya saba kulle get na awa goma sha biyu ba tare da kowa ya ce uffan ba, wata rana zai ga kulle shi na wata uku ba wani abu ba ne.

Abin ya fi ciwo da yake a Kano ne. Jihar nan ce, a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Garin Malam Aminu ne, inda aka san darajar talaka tun kafin wasu su farka. Kowace shekara ana fareti da riguna masu tambari a ranar, alhali dubban waɗanda aka yi hutun dominsu suna bakin inji, ba su ma san ana yi ba.

Roƙona bai da tsada. Kowannenku ya sa a rubuta lokacin hutu a takarda, da Hausa da Turanci, da ajami ma in da hali, a manna a bakin get da jikin bangon wurin aiki: rukuni na farko ƙarfe kaza zuwa kaza, na biyu kaza zuwa kaza, ranar hutun kowa a mako kaza. A buɗe ƙaramar ƙofa a lokacin, wanda zai fita ya fita, in ana tsoron sata a caje shi kamar yadda ake yi in an tashi. A ƙara famfo da butoci, a kafa rumfa da tabarmi, a ajiye randa ko tankin ruwan sha, wanda shi ma Dokar Masana'antu ta wajabta. A sa lokacin hutun a cikin takardar sharuɗɗan aiki da sashe na 7 ya ce a ba kowane ma'aikaci kafin ya cika wata uku. Sannan ku kira masu kula da layi, irina na da, ku gaya musu da bakinku cewa ba za a tuhume su ba in oda ta yi jinkirin awa ɗaya saboda yara sun huta. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙi. Ni ban hana yaron nan cin abinci don mugunta ba, tsoron kiran da za a yi mini ofis ne in mota ta iso kaya ba su haɗu ba. Muddin wannan tsoron yana nan, takardar bango ado ce kawai.

Ƙungiyoyinku na masu masana'antu da na 'yan kasuwa za su iya ɗaukar wannan a zama ɗaya su mai da shi ƙa'idar kowa, don kada mai bin doka ya ga maƙwabcinsa ya fi shi fitar da kaya ya karaya. Shugabannin kasuwanni sun iya tsayar da lokacin buɗewa da rufewa, kowa ya bi, sun iya hana kasa kaya a kan hanya. Tsayar da lokacin da yaran shago za su riƙa karɓar juna su je su ci abinci a zaune bai fi waɗannan wuya ba.

Shekaru biyu da suka wuce na haɗu da yaron nan a wata tasha, ya zama magidanci, yana sayar da rake. Da hannun hagu yake riƙe wuƙa, ya koya. Shi ya fara gane ni, ya taso da fara'a yana "Oga, Oga," ya fere mini rake ya ƙi karɓar kuɗi. Na nemi ya yafe mini, ya yi dariya ya ce ai ba ni na yanke shi ba. Na gaya masa abin da na karanta a sashe na 13. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko yanzu ana ba yaran wurin awa ɗayar. Na ce masa zan tambayi masu wurin, da sauran masu wurare irinsa.

Allah ya ƙara muku buɗi na halal, ya tsare dukiyarku da ma'aikatanku. Ina jiran amsarku.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai kula da layin injina,
Kano.